Rabin Inci da Halin Maza

A Ingila, ranar Asabar da hantsi, in sanyi ya ja da baya, akan ga dattijo mai furfura ya durƙusa a lambun gidansa, kunci a kan ciyawa, ido ɗaya a rufe. Lafiyarsa ƙalau. Kan jirgin ƙasa yake leƙe, wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, yana son ya gano abin da ke sauke shi daga dogo kullum a kwanar da ke gindin furen matarsa.

Jirgin nan da hannunsa ya haɗa shi, da ƙarafan wasan yara da ake kira Meccano. Wani akawu ne a Liverpool, Frank Hornby, ya ƙago su don 'ya'yansa maza, ya yi musu rajista a 1901, sunan Meccano kuma ya zo a 1907. Siraran ƙarafa ne da faranti-faranti da aka huhhuda, tsakanin huji da huji rabin inci cif, sai noti da ƙusa, ƙafafu, sanduna da giya, ta inji nake nufi. Duk wanda ya lanƙwasa langa-langa ya yi mota yana yaro ya san daɗin abin. Su dai yaran can sun girma, sun yi ritaya, ba su daina ba, ga shi yanzu da fansho a hannu.

Kaya iri ɗaya ne a gaban kowa, huji iri ɗaya. Amma hali zanen dutse. Ga waɗanda ba a rasa su a bakin dogon lambu.

Malam Ba-a-Yanka

A wurinsa, yadda ƙarfe ya fito daga masana'antar Meccano ta Binns Road haka zai tsufa. Ba a yanka shi, ba a huda masa sabon huji, ba a lanƙwasa abin da ba don lanƙwasawa aka yi shi ba. An rufe masana'antar tun 1979, shi har yau bai tashi daga zaman makoki ba. Ka miƙa masa ƙarfen da aka buga a Calais ta Faransa, zai karɓa da yatsa biyu kamar mushen ɓera. Launinsa ja da kore, wanda aka fara a 1926. Shuɗi da ruwan zinariya na 1934 yana haƙuri da su. Rawaya da baƙi na 1964 kuwa, kayan yaran zamani ne.

Dogo shi ne jarrabawarsa. Wanda aka fi shimfiɗawa a lambu faɗinsa milimita 32 ne ko 45, rabin inci kuma milimita 12.7 ne. Ke nan na farko huji biyu da rabi ne da ɗan ɗoriya, na biyu uku da rabi da ɗan ɗoriya, babu wanda ya faɗa daidai kan huji. Wani da ya huda guda ɗaya ya huta. Shi kuwa sai ya yi mako uku yana jera wosha a kan sanda, ya zura ɗaya, ya cire biyu, ya auna, ya yi tsaki. Ranar da ƙafafun suka zauna, zai dube ka ya ce, "Ka gani? Ai Hornby ya san da wannan tun farko."

Mahauci

A wurin baje koli, ko ta yaya aka jera tebura sai nasa ya faɗo kusa da na Malam Ba-a-Yanka. Kayan aikinsa zarto, magagari da guduma. Ƙarfe ya yi tsawo, ya datse shi. Huji bai zo daidai ba, ya buɗe wani. Ƙashin jirginsa Meccano ne, tukunyarsa gwangwanin wake, bututun hayaƙinsa guntun famfo, injinsa kuma daga tsohuwar na'urar huda mai batir ya zaro shi. Yana gauraya takwarorin Meccano, Erector na Amurka da Märklin na Jamus, a jiki ɗaya. Har Merkur na ƙasar Czech, wanda tazarar hujinsa santimita ɗaya ce, ba ya shiga ko kusa, shi sai ya shigar da shi. In aka yi masa magana ya ce, "Ƙarfe ne fa, ba gadon kakanka ba." Abin da ke hana maƙwabcinsa barci shi ne, wannan dodon jirgi yana tafiya, yana jan tarago takwas, bai taɓa sauka a kwana ba.

Mai Ƙirga Ƙusa

Turawa da kansu suka raɗa masa wannan suna. Hannu a baya, tabarau a tsinin hanci. Ya san cewa masu dogon milimita 32 galibi suna kwaikwayon siraran jiragen da suka yi jigilar dutsen rufi daga duwatsun Wales ne, kowace ƙafa ɗaya ta ainihin jirgi milimita 16 a lambu. Dangin siririn dogon nan ne da ya taɓa haɗa Zariya da Jos saboda kuza, aka rufe shi a 1957. Ya haddace jiragen layin Ffestiniog na Wales kamar sunayen 'ya'yansa, har da irin nan mai fuska biyu, bututun hayaƙi gaba da baya, wanda ba a sanin ina ya dosa sai ya motsa.

Zai zagaya jirginka sau biyu. "Ya yi kyau," zai ce, sai ya yi shiru. Kada ka yi gaggawar godiya, "amma" tana tafe. Tagar direba ta cika faɗi. Tukunyar ta zauna sama da huji ɗaya. Ka tambaye shi ina nasa jirgin, ya ce yana kan bincike. Shekara 18 ke nan yana binciken.

Saura Kaɗan

Shi yana da jirgi, har guda shida, duk babu rufi. Daɗinsa a ƙarƙashin jirgi yake: yadda ƙaramar giya za ta juya babba, gudun inji ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Da zarar ƙafafu sun juya a kan tebur, sha'awa ta ƙare. Masifar Meccano ke nan, duk abin da aka ɗaura ana iya kwance shi. Daren jajiberin baje koli zai lura cewa in ya matsar da sanda huji ɗaya gaba komai zai fi kyau. Da safe ya iso da kwali cike da ƙarafa da kuma bayani. "Saura kaɗan," in ji shi. Haka ya ce bara.

Ɗan Tururi

Ana gane shi da girarsa, don ɗaya ta fi ɗaya gashi. A ganinsa jirgin batir fitila ce mai ƙafafu. Jirgi sai da wuta, da ruwa, da huci. Meccano sun fitar da injin tururi a 1929, kamfanin Mamod ya yi musu wani a 1965, shi kuma ya ɗora irin wannan tukunya a kan ƙarafansa. Sai ya zuba tataccen ruwa da sirinji, ya ɗiga mai, ya cika kaskon sifirit, ya ƙyasta ashana. Wutar sifirit da rana ba ta cika ganuwa ba, saboda haka yatsansa ne ke shaida masa ta kama. Shiri na rabin awa, tafiya ta minti 20, in an yi sa'a. Irin wannan jirgi ba ya jin kira: a hawa ya tsaya yana nishi, a gangara ya ɓalle, mai shi yana binsa da gudu, ɗan shekara 70, yana tsallake tukwanen fure. Fenti ya ƙone, ciyawa ta babbake, shi kuwa baki har kunne, yana cewa, "Ka ji ƙamshi?"

Mai Ajiya

Ya mallaki akwati mai lamba 10, sarkin akwatunan Meccano, na katako mai aljihuna. Yana da wasu da ko zaren da aka ɗaure ƙarafan da shi a jikin kwali ba a tsinke ba. Mujallar Meccano, wadda ta fito daga 1916 zuwa 1981, tana jere a kantarsa cikin leda. Da kayan da ke ɗakinsa za a haɗa jirage 40. Bai haɗa ko ɗaya ba, don sifana tana kankare fenti. Yakan buɗe aljihun, ya kalla, ya ja numfashi, ya rufe. Magada kuma suna can suna tambayar farashi a intanet.

Don Jika Na Saya

Haka ya gaya wa mai kanti, haka ya gaya wa matarsa. Jikan yana da shekara huɗu. An ba shi aikin riƙe koriyar tuta, daga nesa. "Kaka, in taɓa?" "Bari in ɗan gyara maka tukuna, yaro." Gyaran ya kai magariba. Yaron ya koma ɗaki wurin Lego ɗinsa tuni, kaka bai ma lura ba.

Shugaban Tasha

Dogonsa zagaye ne mai taku 30, daga gindin tuffa ya dawo gindin tuffa, amma yana da jadawali a rubuce, da hula, da usur. Jirgin ƙarfe 2:15 ba ya tashi 2:14, ko da ruwa na shirin sauka. In katantanwa ta hau dogo, ko kyanwar maƙwabta ta kwanta a bakin rami, sai ya shiga littafi ya rubuta dalilin jinkiri. Da kaka, in ganye ya zube a kan layi, yakan soke tafiyar yini guda. A nan kam ba a yi masa dariya sosai, don manyan jiragen Ingila ma ganye yana makarar da su.

Uwar Lambu

Lambun nata ne tun kafin dogo ya zo. An roƙi aron taku biyu a gefen katanga, yau ga gada a kan albasarta. Ba ta ɗaura ƙusa, amma ta fi kowa sanin inda noti ke zuwa in ya ɓace: aljihun wando, injin wanki, haƙoran injin yankan ciyawa. Ita ta shuka gajerun itatuwan da suka sa jirgin ya yi kama da na gaske a hoto, ko da yake in baƙi sun yaba, maigida ne ke amsawa.

Ranar da aka taru a lambu ɗaya, gardama takan yi zafi har shayi ya huce. Sai can wani ƙaramin noti, bai kai ƙwayar masara ba, ya kwance daga sandar ƙafa ya faɗa cikin ciyawa. Jirgi ya tsaya cak. Malam Ba-a-Yanka ya durƙusa, Mahauci ya durƙusa kusa da shi, kafaɗa na gugar kafaɗa. Mai Ƙirga Ƙusa ya cire hannu daga baya, karon farko a ranar. Shugaban Tasha ya ajiye usur. Ga kwali cike da irin wannan noti a kan tebur, ɗari-ɗari, amma babu mai kallonsa, wancan da ya faɗi ake so.

Uwar Lambu ta bar su sun yi minti goma suna rarrafe, gwiwoyi sun jiƙe. Sannan ta fito da maganaɗisu ɗaure a bakin sanda, ta shafa ciyawar sau ɗaya, ta ɗago noti uku.

Aka tashi, aka kakkaɓe wando, aka shiga gardamar wanne ne a ciki.