Waigi Ma Abin Magana Ne

Na ji ku, mutanen Bodinga. Wai takarda ta yi arha, har an fara rubutu a kan waigi. Na ji dattawanku na cewa, "Mi za a ce bisa guntun icce?" Allah ya huci zuciyarku, Baba. Ku fito bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa ta Shagari zuwa Tambuwal da Jega, ku jira tirelar siminti ta yi faci. Kafin a kafa jak, yaron mota ya riga ya diro da waigi ya cusa ƙarƙashin taya. Dalili kuwa, da zarar an ɗaga gefe guda, nauyi ya karkata, birkin hannu kuma ba kowace taya yake riƙewa ba. Motar ta gangara taƙi ɗaya, jak ya kwanta, mai faci na ƙasa.

Su kuma 'yan Shagari hujjarsu ta fi daɗi: ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ina gangaren yake? To, ranku ya daɗe, ko titi ai ba a shimfiɗa shi kwance ɗam, sai an ɗan karkata shi don ruwan sama ya sauka gefe. Taya ba ta neman tudun Jos kafin ta mirgina. Kun ba ƙasar nan shugaba daga 1979 zuwa 1983, ba mu musa ba, amma wannan ba ya hana gingimarin albasa tafiya ba direba.

Masu ganin abin na 'yan tasha ne kawai, ku leƙa filin jirgin saman Sultan Abubakar III. Jirgi na tsayawa, kafin fasinja ya sauko, ma'aikaci zai zo da waigi ya tokare tayoyin gaba da baya. Nasu na roba ne mai igiya, shi ke nan bambancin. Shi ana kiransa ma'aikacin jirgi, namu kuwa karen mota.

Inda zan ba ku gaskiya ɗaya ne. Direban da ba ya yawo da waigi, dutse yake ɗauka a gefen hanya, in an gama gyara ya ja mota ya bar shi tsakiyar kwalta. Da dare mai babur ya taho daga Sifawa ya ci karo da shi. Wannan direban, ku zage shi, ni ma zan taya ku.