Injiniyan Tudu a Gulbin Gindi

Mutanen Jega suna da gulbi a bayan gida. Shi ne Gulbin Zamfara, wanda a nan ake ce wa Gulbin Gindi, kuma a gefensa Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin a wajajen 1820, har kasuwarsa ta gagari sauran kasuwannin ƙasar Gwandu. Mu mutanen Aliero ruwan da muka fi sani shi ne wanda injin ban-ruwa ke turowa cikin fangalin albasa. Ni ma ina da irin wannan inji. Na kwance shi na ɗaura har maƙwabta suka fara kirana Injiniya, ni kuma ban taɓa hana su ba.

Da wannan sarautar na isa bakin gulbi a tsakiyar damina. Ƙanen mahaifin matata, Basarke ne da ya tsufa a kan ruwa, ya sayo wani tsohon inji daga Yawuri ya ɗaura wa jirginsa, zai kai mu gaisuwar rasuwa wani ƙauye a fadamun Maiyama, domin ruwa ya cinye hanyar babur. Mata sun shiga da ƙwaryar tsaki da buhun gero. Tsoho ya ja igiya, inji ya tashi da ruri, hayaƙi ya turnuƙe. Ya tura giya gaba, sai ƙas, inji ya yi shiru. Ya mayar firi, ya sake ja, ya tashi lafiya lau. Giya kuma, shiru kuma.

"Malam, ka gani ko? Shina tashi lahiya lau, da an sa mishi giya sai shi mace."

Na naɗe hannun riga. Jikan tsohon, wani yaro da bai isa aske ba, ya ce a ɗaga ƙafar injin a duba. Na ce masa ciwon kai ba a nemansa a diddige, mata suka yi dariya, na ji daɗi.

Na fara da fulogi, domin duk wanda bai san abin yi ba da fulogi yake farawa. Gaskiya ne injin jirgi irin wannan yana shan fetur da aka gauraya da baƙin mai, kashi 1 cikin 50, kuma idan hannu ya zarce wajen zuba man, fulogi yakan yi baƙi ya ƙi ba da wuta sosai. Na ciro su, na kankare da bakin wuƙa, na hura, na mayar. Aka sa giya ya mutu.

Sai na koma kan mai. Na shinshina tanki, na girgiza kai irin na likita, na yanke hukuncin cewa 'yan bumburutu sun sirka shi da ruwa. Wannan ma ciwo ne da ake yi: ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a gindin tanki, a nan kuwa tiyo ke zuƙa. Na sa aka juye man a tsohuwar jarka aka aiki yaro ya sayo sabo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin ta ci gaba da hawa, ba wanda ke juye fetur yana murmushi. Tsoho ya zaro kuɗin daga lalitarsa a hankali, yana kallona yana cewa, "Allah shi sa mu dace, Malam." Sabon mai ya zo. Aka sa giya ya mutu.

A nan ne na yi wa jama'a lacca, kuma har gobe ina nan a kan bakana cewa laccar daidai take. Injin jirgi ba shi da kuloci irin na babur da za ka saki a hankali. Giyarsa uku ce kawai, gaba da firi da ribas, kuma haƙoran ciki suna cafkar juna ne lokaci guda. A firi inji ba ya ɗauke da komai, ko mai tari ne zai yi ruri. Da an sa giya, nauyin juya farfela cikin ruwa ya hau kansa, gudunsa ya faɗi. Idan silonsa ya yi ƙasa, ko ƙaramar ƙofar man da ke cikin kafireta ta toshe da datti, ba zai iya ɗaukar nauyin ba. Kamar ɗan majalisar shayi ne, baki ya fi na kowa har sai an ce ya kama buhu a ɗora. Mata suka ce wallahi Malam ya sani.

Na karɓi sukuddireba na murɗa kusar silo. Na ƙara murɗawa. Inji ya dinga kururuwa a firi har masu wanki a ɗaya gaɓar suka miƙe suna kallo. Tsoho ya tura giya, aka ji wata ƙara mai tayar da tsikar jiki, jirgi ya ɗan motsa, inji ya mutu.

Ina tsaka da tunanin kwance kafireta a kan ruwa, inda ko allura ta faɗi sai dai kifi ya gaje ta, yaron nan ya zame ta bayana bai nemi izinin kowa ba. Ya danna kan injin, ƙafar ta ɗago daga ruwa. Guntun koma ne na roba, irin wanda masunta ke yarwa idan ya yage, ya naɗe a bayan farfela tam, ya shige tsakaninta da sandar da ke juya ta. Da hannu biyu ma da ƙyar farfelar ke motsi. Irin wannan zaren idan ya daɗe yakan yanke robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga, aikin ya koma na kuɗi masu yawa. Yaro ya sa wuƙar da na kankare fulogi da ita ya tsinke shi tas.

Ya kamata a nan in zauna. Amma na miƙe tsaye a tsakiyar jirgi ina bayyana wa mata cewa dama binciken ilimi daga sama yake farawa ya gangaro ƙasa, kuma saura ƙiris in iso wurin. Ba wanda ya tuna da silon da na ɗaga, har ni. Tsoho ya ja igiya, ya tura giya. Farfela da ta sami 'yanci ta haɗu da inji mai kururuwa, jirgi ya yi tsalle gaba, ni kuma na yi baya. Hannun dama na kai don in tare, ya sauka a kan katakon zama, hulata ta bi gulbi ta riga mu tafiya Maiyama.

An yi gaisuwa, ni ina daga gefe da hannu a cikin rawanin aro. 'Yan zaman makoki da suka gama yi wa mamaci addu'a sai su juyo su yi mini sannu.

Aliero dai ba albasa kaɗai ta iya ba. Daga jihohi masu nisa, har daga Nijar, ake kawo masu karaya wurin masu ɗorinmu, don haka ban sha wahalar neman magani ba. Mai ɗorin ya laluba wuyan hannun, ya ja har na kira sunan kakata, ya ce targaɗe ne da ɗan tsagewar ƙashi, ya jera karare ya ɗaure.

"Injiniya, babur ne?"

Ɗakin cike yake da mutanen unguwarmu. Na ce babur ne.