Yadda Ake Yawon Buɗe Ido a Birnin Ƙonni Ba Tare da Aljihu Ya Yi Kuka Ba

Motar da ta taso daga Yamai za ta Maraɗi ko Damagaram sai ta ratsa Birnin Ƙonni. Haka wadda ta nufi Tawa da Agadas, haka mai fitowa daga Sakkwato. Shi ya sa kusan kowa zai rantse maka ya san Ƙonni: ya sauka, ya yi alwala, ya sallaci Azahar da La'asar a haɗe, ya sayi tsire, direba ya danna oda, ya ruga ya koma kujerarsa. Waɗannan shawarwari ba nasa ba ne. Na wanda ya yi ƙarfin halin barin motar ta tafi ba shi ne.

1. Ka tanadi dalilin zuwanka tun daga gida

Kada ka kuskura ka ce wa kowa yawon buɗe ido ka zo. Ƙonni garin iyaka ne, kowa da abin da ya kawo shi: mai shanu, mai albasa, mai canji, mai raka majinyaci asibitin Galmi, mai zuwa biki ko ta'aziyya. Wanda ya ce shi kallo kawai ya zo, za a ajiye shi a ɗayan aji uku: ko ɗan leƙen asirin duwan, wato kwastan, ne, ko bashi ya koro shi daga garinsu, ko kuma kuɗi ne suka yi masa yawa ya rasa inda zai kai su. Aji na uku ya fi haɗari, domin kafin ka rufe baki kuɗin kabu-kabu ya ninka.

In an tambaye ka, ka gyara hula ka ce, "Farashin albasa na zo dubawa." Magana ce mai albarka. Ba ta ɗora maka sayen komai ba, tana ba ka damar shiga ko'ina, kuma za ka samu mutum goma masu son nuna maka hanya kyauta, kowannensu yana fatan shi za ka tuna ranar da za ka yi lodi.

2. Ka tabbatar wace Illela za ka

Illela biyu ce. Akwai ta jihar Sakkwato, 'yan kilomitoci kaɗan kudu da Ƙonni, a ƙetaren iyaka. Akwai kuma ta Adar, can arewa, wadda sai ka bi ta Tsarnawa ka hau hanyar Tawa, ka ratse a Badagishiri. Ɗan kamasho ba zai tambaye ka wacce ba. Duk wadda motarsa ta nufa, ita ce wadda kake nufi. "Shiga, Alhaji, mutum guda muka jira!" Ka leƙa tukuna. In ka ga mutum huɗu zaune a ciki ba kaya, suna hira da direba cikin sabo, to kai ne fasinja na farko.

Katinka na ɗan ƙasa ya kasance a aljihun gaba. Kuma kafin ka shirya ƙetarawa ka tambayi halin da iyakar take ciki, domin tana da tarihin rufewa ba sallama. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 har Disambar 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Wanda zai ce maka ya san wata hanya ta bayan gari, gaskiya ya faɗa, ya santa. Kai ne ba ka san abin da ke ƙarshenta ba.

3. Ka koyi lissafi biyu

A Ƙonni sefa da naira tare suke yawo, 'yan canji kuwa suna zaune da damman kuɗi a gabansu, suna juya lissafi a ka kafin kai ka lalubo na'urar lissafin wayarka. Ɗan Najeriya sai ya kiyaye: da dala ake ƙirga a nan, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai tsire ya ce maka "ɗari", sefa 500 yake nufi. Dala ashirin ita ce sefa 100, jaka guda sefa 1,000. Baƙi da yawa sun ji "ɗari biyu", sun ce garin nan akwai araha, sun ƙara tsinke biyar, sai wajen biya aka ga suna neman inda za su zauna.

Dokar ita ce, ka yi ciniki da kuɗin da ka iya ƙirgawa, ka biya da wanda ya faɗi a safiyar ranar. Kada ka canza duk guzurinka lokaci guda. Kuma ko me aka yanka maka, ka ce "ya yi tsada" ka juya baya a hankali. A hankali fa, don a samu damar kiran ka.

4. Masauki: hawa biyar, daga mai tsada zuwa mafi tsada

Hawa na farko, otal mai kilim. Nan ma'aikatan ƙungiyoyi da manyan 'yan kasuwa suke sauka. Za a ba ka takarda ka cike sunanka da inda ka fito da inda za ka. Tambaya ɗaya ce ta kamata ka yi kafin ka biya: "In wuta ta ɗauke, akwai janareto?" In an ce akwai, ka ƙara: "Yana da mai?" In an ce yana da shi, ka ƙara: "Wa yake riƙe da makullinsa, kuma a nan yake kwana?" A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kilim da ba wuta adon bango ne ka biya wa kuɗi.

Hawa na biyu, ƙaramin gidan baƙi mai fanka. Nan ne wurin mai matsakaicin ƙarfi. Ka nemi a nuna maka ɗakin kafin kuɗi su bar hannunka. Ka murɗa famfo. In ka ga bokiti cike da ruwa a banɗaki, kada ka raina shi, alama ce masu gidan sun san gaskiya kuma sun yi tanadi. Ka kunna fankar ka saurara: wata iska take bayarwa, wata labari. Da damina ka zo da gidan sauronka, domin garin da ake noman rani a gefensa ba ya rasa masu zuwa gaisuwar dare. Da hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, kada ka biya ko dala kan fanka, bargo za ka nema. Farashin dare ɗaya daban, na kwana uku daban. Ka faɗi kwana uku tun farko, ka tambayi ragi, ka ambaci albasa.

Hawa na uku, tashar bas. Kamfanonin manyan motoci irin su Rimbo da STM da Al Izza suna da wurin da fasinja ke shimfiɗa ya jira motarsa. Mai tikiti ya samu tabarma da buta da wurin salla ba ƙarin ko sisi. Sharaɗin kawai, jakarka ce matashinka, takalminka a ƙarƙashinta, kuma barcinka na hannun duk motar da ta iso cikin dare.

Hawa na huɗu, gidan fatoma. Wannan shi ne otal ɗin kakanninmu, tun zamanin fatake. Fatoma yana saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ciyar da shi, ya tsare masa dukiya, ya nemo masa mai saye, ya ci la'adarsa. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Matsalar ita ce sai kana da abin sayarwa. A daren farko za a kawo maka tuwo da nama. A dare na biyu maigida zai tambaye ka cikin ladabi, "Malam, yaushe kayan za su iso?" A dare na uku tuwon zai zo ba nama, kai ma ka fahimci saƙon.

Hawa na biyar, gidan dangi, wato masaukin kyauta, wanda ya fi duk sauran tsada. Babu Bahaushen da zai rasa ɗan uwa a Ƙonni in ya yi bincike: ƙanin mijin gwaggo, ko wanda kakanku suka yi almajirci tare. Za a karɓe ka hannu bibbiyu, a tashi samarin gida daga ɗakin zaure, a yanka maka zabo. Sai ka zauna ka yi lissafi: tsarabar da ka shigo da ita, goron tsofaffi, alawar yara, sabulun uwargida, gudummawar sunan da aka yi a maƙwabta ranar da ka iso, da kuɗin motar yaron da aka ce ya raka ka ko'ina. Sannan bayan wata biyu maigidan zai iso garinku da 'ya'ya uku, zai ga likita. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ka lura, raɓa ba ta kai hantsi.

5. Abin kallo

Ranar Laraba kasuwar Ƙonni take ci, ranar Lahadi ta Illelar Sakkwato, wadda ta yi suna wajen dabbobi. Ka daidaita zuwanka da su. Ka je kara da sassafe ka ga yadda dillali yake riƙe hannun mai saye da na mai sayarwa, kowa yana fizgewa yana rantsuwa an cuce shi, a ƙarshe a sallama kowa ya tafi yana murmushi. Kada ka nuna sa da yatsa, kada ka gyaɗa kai. An sha sayar wa mutum bijimi kan ƙasa da haka.

Da yamma ka hau kabu-kabu ka zaga filin noman rani da ke gefen gari, wanda ruwan madatsun Mozage da Zango ke shayarwa ta magudanan siminti. A tsakiyar rani, ko'ina ya bushe, nan za ka tarar da kore shar: albasa, kabeji, tumatir, masara. A ƙauyukan kan hanya kuma ka tsaya ka dubi manyan rumbunan ƙasa masu tumbi da hular ciyawa, waɗanda wasunsu sun fi ɗakin mai su girma. Wanda ya gina haka ya san abin da fari yake yi.

Za ka tambaya, ina ganuwar da ta sa ake ce masa birni? A nan raha za ta dakata. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wadda ta fafata da Sarauniya Mangu a Lugu makonni kaɗan kafin nan, ta afka wa Ƙonni, ta ƙone garin, ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa. Garin da kake gani a kan wannan tokar ya sake tashi. In ka samu dattijo mai son ba da labarin, ka zauna ƙasa, ka ajiye waya.

Kashegari ka yi gabas. A Tsarnawa buhunan albasa za su tare ka tun daga bakin titi. Gaba kaɗan Malbaza, garin da ake yin siminti tun shekarun 1960, inda kuma a 2018 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai ƙarfin megawat 7. Ranar da mutanen Tawa suka daɗe suna kuka da ita, a nan aka ɗauke ta aiki. Saboda ƙurar simintin, farar shadda ba ta wannan tafiyar ba ce.

Daga nan sai Galmi, wadda sunanta ya bi albasa har kasuwannin Abijan da Akara da Kwatano. A watan Maris da Afrilu ake cire ta, a zuba wata a buhu, a adana wata a rudu a jira farashi ya tashi. A nan ne dalilin da ka tanada zai iya juyo maka, domin za ka haɗu da waɗanda suka san albasa da gaske. Ka ɗauki guda, ka matsa wuyanta, ka shinshina, ka ce "Allah ya kawo kasuwa", ka wuce. Asibitin da 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1950 yana nan yana karɓar marasa lafiya daga Nijar da Najeriya. Kusa da Galmi kuma akwai Marata, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Kada ka sa ran mai sayar da tikiti a ƙofa. Sallama da mutanen gari ita ce kuɗin shiga.

In da sauran ƙarfi, ka haura Illelar Adar, mazaunin Sarkin Adar, sarautar da ta samo asali daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas. Fada ba kasuwa ba ce. Ka nemi mai yi maka iso, ka tuɓe takalmi, ka rage murya.

6. Hoto da dare

Shingen jandarma, ofishin duwan da bakin iyaka ba wurin ɗaukar hoto ba ne, sai in kana son ganin cikin ofishin dalla-dalla har yamma. 'Yar fura ma a tambaye ta tukuna, a kuma sayi furar. Tafiyar dare kuwa ka yafe ta. Shekarun nan 'yan bindiga sun dami yankunan iyaka, don haka kafin ka sauka daga kwalta ka tambayi direbobi da masu masaukinka. In sun ce kada ka je, to wurin ba shi da kyan gani.

7. Ci da sha

Karin kumallo wajen mai shayi, da ƙwai da burodi da labarin duniya kyauta. Da rana fura da nono ko dambun zogale, da dare tsire ko balangu. Inda ka ga direbobin manyan motoci sun yi layi, nan ka tsaya, su ba sa cin asara sau biyu. In mai abinci ta ce, "Mi kaka so, ɗan baƙo?" kada ka yi ƙoƙarin mayar mata da irin harshenta. Ka nuna tukunya kawai.

8. Tafiya gida

Ba a barin Ƙonni hannu rabbana. Kilishi na yara, albasa ta uwargida. Amma ka sani, buhun albasa kuɗin motarsa daban, ɗan dakon da ya ɗora shi daban, wanda zai sauke shi daban, ga maƙwabta bakwai da za su aiko yara da kwano da zarar ƙamshin ya shiga unguwa. In ka haɗa lissafi za ka tarar kowace albasa ta fi ta kasuwar unguwarku tsada. Kada ka gaya wa kowa. In an tambaye ka nawa ka saya, ka ce wani amininka ne babban dillali a Galmi ya ba ka. Sai dai ka shirya: baɗi mutum uku za su ce ka haɗa su da shi.