Bakanike Bai Bar Gari Ba

A 2019 kamfanin Amazon ya yi odar motocin rabon kaya masu aiki da lantarki guda 100,000 daga kamfanin Rivian, aka yi ta shelar cewa an huta da gareji: ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa. Haka ne kuwa. Sai dai bakanike bai bar gari ba, kwamfuta kawai ya sayo.

Motar da ke ɗauke da batir mai nauyin ɗaruruwan kilo tana iya wayar gari ta ƙi motsi saboda ɗan ƙaramin batir mai bolt 12, irin na tsohuwar tasi. Shi ke tayar da kwamfutar da ke buɗe wa babban batir hanya. In ya mutu, babban yana nan cike taf, direba kuma sai zuba tagumi.

Tayoyi suna saurin cinyewa, don ga nauyi ga ƙarfin fizga. Birki kuwa ciwonsa zaman banza: injin ne ke rage gudu yana mayar da wuta cikin batir, faifan birki ya yi ta tsatsa. Wato ka biya kuɗin gyaran abin da bai yi maka aiki ba.

Babban batir galibi garantinsa shekara 8 ne ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga zuwa, motar da ke yawo kullum kuwa kilomita ke riga zuwa. Daga nan sauya shi dubban daloli ne. Ko dutse ya lotsa murfinsa ta ƙasa, kamfanin inshora kan iya cewa a haƙura da motar gaba ɗaya, fentinta na ƙyalli.