Bazazzagi Na Neman Rangwamen Haraji

Bawana Bazazzagi, ubangidanka na gaishe ka daga Dawakin Tofa. Labari ya iso mana cewa ka tara jama'a a Tudun Wada kana yi musu lacca, wai a Amurka duk wanda ya sa wa gidansa na'urar sanyaya ɗaki mai tsimin wuta ana rage masa haraji, don haka kai ma za ka rubuta wa Abuja takarda. Ku dai Zagezagi, gani kuke makwabtaka da Jami'ar Ahmadu Bello ma digiri ce.

Gyara zama in ƙara maka karatu. Dokar da Biden ya sa wa hannu a 2022 ta ba magidanci damar cire kashi 30 cikin ɗari na abin da ya kashe daga harajinsa: har dala 2,000 a shekara kan na'urar da ke ɗumama ɗaki da sanyi ta kuma sanyaya shi da zafi, da dala 1,200 kan irin su tagogi da ƙofofi da toshe kafofin iska. Sai dai a Yulin 2025 Trump ya sa hannu kan wata dokar da ta soke rangwamen daga ƙarshen shekarar. Ka iso kasuwa da buhunka bayan ta watse.

Ko da ma yana nan, ai daga harajin da mutum yake biya ake ragewa. Dokar da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta ce daga Janairun 2026 wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, babu ruwansa da harajin kuɗin shiga. To, kai da nake ciyarwa, me za a rage maka? Haka mai noman gero da dawa a ƙauyukanmu, haka ɗan dako a kasuwar Dawanau. Sauƙin da zai kai ga irinsu shi ne wanda aka cire daga farashin kaya, kamar yadda gwamnati ta sanar a Oktoban 2024 cewa ta ɗauke harajin VAT, mai kashi 7.5, daga gas ɗin girki da kayan girki marasa hayaƙi. Na san za ka ce 'yan kasuwar Kano sun tare sauƙin a hanya. Bawa ba ya ba da shaida a kan ubangidansa, ka yi shiru.

Sannan da wace wutar za ka kunna na'urar? Tun Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A sama da naira 200 kowane yunit. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ka lulluɓe naka da tsohon zanen uwargida.

Abin da ya fi ba ni dariya, da hannunka ka sayo zafin. Kakanka ya bar maka soro na tubali, katanga mai kauri, rufin azara da daɓe, an shafe da makuba. Da azahar a watan Afrilu, rana na dukan sama da digiri 40, ka shiga ɗakin ka miƙe a tabarma har barci ya sace ka, don ƙasar ta shanye zafin, sai dare take sakinsa. Ga randa a lungu bisa jiƙaƙƙen yashi, an rufe ta da faifai, moɗa a kai, ruwan har haƙori yake kamawa. Da hunturu kuma kasko ɗaya ya wadatar, a ɗumama ɗaki a fitar da garwashin kafin a kwanta. Ka rushe wannan, ka yi ginin bulo da kwano babu silin, ka juya taga yamma, ka sare darbejiyar ƙofar gida don motar da har yau ba ka saya ba. Alhali Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'ar Zariya da ƙasa a ƙarni na 19, naku ne. Turawa sun sha zuwa kallon aikinsa, jikokinsa na gasuwa a ƙarƙashin kwano.

Saboda haka ka ajiye takardar Abuja. Sa silin tukuna, ka shafa wa kwanon farin fenti, ka buɗe taga biyu masu kallon juna, ka dasa darbejiya ta yamma. In kuɗi ya ragu, ƙaramar sola da fanka sun ishe ka, randa kuwa zan aiko maka sadaka.

Haraji ɗaya ne na tabbata yana kanka: kuɗin sharata. Ranar cika-ciki ina tafe, kuma ko rufin ƙanƙara ka yi wa gidanka, ba zan rage maka ko sisi ba.