Fenti Ya Raba Gardama

Ranar da za a yi wa falo fenti, saura kaɗan ni da uwargida mu kai ƙara wajen mai unguwa. Ita fari take so, fari fat, wai ɗaki ya ƙara faɗi. Da gaskiyarta: fari yana mayar da haske, ko an ɗauke wuta fitila ɗaya ta isa. Ni kuwa na kafe a kan ruwan ƙasa mai duhu, don na san halin 'ya'yana.

Ita ta yi nasara, kamar kullum. Sati biyu bango ya zama allon makaranta: ga tafin Auta da manja, ga taswirar wata ƙasa da biro, sannan hunturu ya zo ya shafa masa hoda kyauta.

Sai na yi wa nawa ɗakin mai duhun, don a san da namiji a gidan. Yanzu ko da azahar sai da tocila nake neman hula. Sauro sun samu masauki. Ba ka ganinsu a bango, sai dai ka ji kiɗa a kunne. Ƙurar ma ashe ta fi fitowa a kansa.

A falo nake kwana yanzu. Don Allah kada ku gaya mata dalili.