Risala Kan Yadda Aka Ɗura Kogin Nilu Cikin Na'ura

Ka sani, ya kai ɗalibi, Allah ya yi maka buɗi, ruwa a wajen masana kashi biyu ne: mai gudu da rubutacce. Mai gudu shi ne wanda ke wucewa ta gaban garin Suki na Sudan, ya yi jawur da laka a watan Agusta, ya ci gaɓa in ya ga dama. Rubutacce yana cikin kundin ma'aikatar ban-ruwa, bai taɓa jiƙa kowa ba. A kan na biyun za mu yi magana, don shi ne mafi ladabi.

Asalin mas'alar shi ne kogi ba ya tsayawa, kwamfuta kuwa ba ta san gudu ba, ƙirga kawai ta iya. Sai malaman fanni suka yi fatawa: a yanka lokaci gunduwa-gunduwa yadda mahauci ke kasa nama, wata-wata, a ƙaddara cewa tsakanin ɗaya ga wata da talatin kogi bai sake shawara ba. Masunci zai ce wannan ƙarya ce. Ba a karɓar ƙaulinsa, saboda jiƙaƙƙe ne.

A ƙarshen shekarun 1950 wasu Turawa biyu masu ba gwamnatin Sudan shawara kan ruwa, Morrice da Allan, suka kai ƙarar Nilu gaban wata na'ura a Landan, IBM 650, tare da wani masani Michael Barnett. Na'urar tana da ganga a ciki, wadda ba a kiɗa da ita. Tana juyi sau 12,500 a minti, tana riƙe lambobi 2,000, ba ta cin komai sai kati mai huda-huda. Aka ciyar da ita awon ruwan kogin na shekaru 48, daga 1905 zuwa 1952.

Lissafin kansa, duk matar da ke da randa ta haddace shi. Abin da ya kwana ciki, a haɗa da abin da aka ɗebo, a cire na girki da wanda rana ta sha, saura shi ne na gobe. Bambancin kawai, randunan nan sun haɗa da tafkin Tana na Habasha da madatsun ruwa na Rusairis, Sinnar, Jabal Auliya da Aswan, kuma abin da ya tsiyaye daga wannan shi ke cika waccan. Rusairis ma a lokacin ba a gina ta ba, sai 1966 aka gama. Amma a cikin na'urar ta cika ta batse sau da yawa. In an ɗaga bangon madatsa da huda ɗaya a kati, sai a sake sako shekarun nan 48 daga farko. An yi ambaliya, an yi fari, audugar gonakin Jazira na Sudan ta bushe ta sake tsirowa, ko akuya ɗaya ba ta mutu ba.

Fa'ida: ba a sanar da kogin sakamakon ba, shi ya sa har yau yake saɓa masa.

A 1959 Masar da Sudan suka raba rubutaccen ruwan a Alƙahira. Masar ta ɗauki kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan biliyan 18.5. Aka ware wa rana biliyan 10 da za ta sha a Aswan, ko da yake ba ta halarci zaman ba.